Taushin Hannu Ba Ya Maye Gurbin Awo



Akwai wani irin bidiyo da ya cika wayoyinmu a 'yan shekarun nan, kusan duk mai leƙa TikTok ko Facebook ya taɓa cin karo da shi. Mace ce da tsohon ciki, tana kwance a kan wani gado mai rami a tsakiya, inda cikin ke zama ba tare da an danne shi ba. Wani mutum mai fara'a yana tsaye a kanta, ya lalubi ƙugunta, ya ɗan danna, sai ka ji ƙas! Ta sauke ajiyar zuciya, ta tashi tana murmushi, wata ma har da hawaye, tana cewa rabonta da ta ji jikinta sakayau haka tun cikin yana wata huɗu. A ƙasan bidiyon an rubuta cewa aikin mai taushi ne, ba ƙwaya ba allura, yana sauƙaƙa naƙuda, har ma yana sa jaririn da ya zauna da ƙafa ya juyo da kai. Da yawa daga cikin waɗannan bidiyoyi daga Amurka suke fitowa, amma in ka gangara wurin masu tsokaci za ka tarar da 'yan uwanmu mata suna tambaya: "Don Allah a ina ake yi?"

Sana'ar da ake tallatawa ana kiran ta kairofiraktik, wato gyaran ƙashin baya da hannu, mai yin ta kuma kairofirakta. Matsayinmu a kanta gajere ne. Ciwon bayan mai ciki ciwo ne na gaske, kuma haƙƙinta ne ta nemi sauƙi. Amma kalmar "taushi" da ake jan hankalinta da ita, ƙarfin hannun mai aikin kawai take bayyanawa. Ba ta ce komai ba game da abin da hannun zai iya warkarwa, ba ta kuma ce komai ba game da abin da ya kawo ciwon tun farko. A wurin mace mai juna biyu kuwa, waɗannan tambayoyi biyu su ne masu rai a ciki.

Mu fara da ciwon kansa, don duk wanda ya raina shi bai fahimci abin da ke kai mata wurin masu wannan aiki ba. Mahaifar da nauyinta bai kai giram 100 ba kafin ciki, takan kai kusan kilo 1 a watan haihuwa, ban da jariri da ruwa da mabiyiya. Mace mai matsakaicin jiki takan ƙaru da kilo 11 zuwa 16, kuma mafi yawan nauyin a gaba yake. Don kada ta kife, dole ta ja kafaɗunta baya, gadon bayanta ya ƙara lanƙwasa, naman bayan ya wuni yana aikin da bai saba ba. A lokaci guda jiki yana sakin sinadaran da ke sassauta jijiyoyin da suka ɗaure ƙasusuwan ƙugu, domin hanya ta buɗe ranar haihuwa. Ga kaya ya ƙaru, ga ɗaurin ya yi sako-sako. Shi ya sa rabin masu ciki ko fiye suke fama da ciwon baya ko na kwankwaso. Wata ba ta iya juyawa a kan katifa sai ta ciji leɓe, wata saka ƙafa a cikin siket ma aiki ne. Kuma a hakan za ta yi shara a duƙe, ta ɗauki bokiti, ta goya na bayanta.

To idan ta yi kuka, wace amsa take samu? A gida ta ce, "Umma, bayan nan nawa kamar zai rabe biyu." Sai a ce mata, "Haka ciki yake 'yar nan, mu ma duk mun yi, sai haƙuri." Ta je awo, ta bi layi tun asuba, a duba ta cikin minti uku, tana buɗe baki da zancen baya a ce ai ciki ne, in ta haihu zai daina. Magungunan ciwon jiki da ta saba sha kuma an hana ta, da gaskiyar masu hanin. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin a guji irin su ibuprofen da diclofenac daga mako na 20 na ciki, saboda suna iya taɓa ƙodar jariri su rage ruwan da yake kwance a ciki. Macen da aka bari tsakanin ciwo da haƙuri, in ta ga wani ya zaunar da mai ciki irin ta, ya saurare ta, ya ɗora hannu daidai inda ke mata zafi, ba abin mamaki ba ne zuciyarta ta karkata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar nan kuwa mu muka yi ta, da gida da asibiti.

Sanin asalin abu yana taimakawa wurin auna shi. Wannan sana'a ta fara ne a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka, a 1895, a hannun wani mutum mai suna Daniel David Palmer. Ba likita ba ne, kafin nan yana maganin da ake yi da shafa hannu ne bisa imanin cewa akwai maganaɗisu a jikin mutum. Shi ya ba da labarin cewa mai sharar ginin da yake aiki, Harvey Lillard, ya shekara 17 kunnensa ba ya ji sosai, sai ya danna wani ƙashi a bayansa, ji ya dawo. Daga nan Palmer ya gina ra'ayinsa: kusan dukkan cututtuka daga gocewar ƙasusuwan baya suke, domin suna danne jijiyoyi su hana ƙarfin rai gudana a jiki. A mayar da ƙashi mazauninsa, jiki ya warkar da kansa. Masana jikin ɗan Adam sun daɗe da nuna cewa jijiyar ji a cikin ƙoƙon kai take tun daga farkonta har ƙarshenta, ba ta biyo ta gadon baya ba. Amma labarin ya riga ya bazu. Palmer ya buɗe makaranta a 1897, an ɗaure shi a 1906 bisa laifin yin aikin likita ba da lasisi ba, ɗansa B. J. Palmer kuma ya mayar da abin gagarumar harka.

Adalci ya sa mu faɗi ɗaya ɓangaren. Sana'ar ba ta tsaya inda Palmer ya bar ta ba. Jihar Kansas ta fara ba su lasisi a 1913, Louisiana ta zama ta ƙarshe a 1974. A 1987 wata kotun tarayya a Chicago ta samu ƙungiyar likitocin Amurka da laifin haɗa baki don durƙusar da su, wanda ya nuna ba duk adawar da aka yi musu ce tsarkakakkiya ba. A Birtaniya dokar 1994 ta kafa hukumar da ke yi musu rajista. A nahiyarmu ana koyar da aikin a jami'o'i biyu na Afirka ta Kudu, a Durban da Johannesburg. Wanda ya yi karatun da gaske yakan shafe shekaru yana koyon jikin ɗan Adam. Sai dai har yau gidan nasu a rabe yake. Akwai waɗanda suka tsaya a kan ciwon baya da gaɓoɓi, suka yar da tsohon ra'ayin, akwai kuma masu riƙe da shi har gobe. A 2010 ita kanta hukumarsu ta Birtaniya ta fito ta ce babu hujjar bincike da ta nuna wannan gocewar ƙashi tana haddasa cuta. A shekarar ce kuma ƙungiyarsu ta Birtaniya ta janye ƙarar da ta kai marubucin kimiyya Simon Singh, wanda ya rubuta a jaridar Guardian a 2008 cewa ikirarin warkar da ciwon cikin jarirai da asma da ciwon kunne ba shi da madogara.

Me ya tabbata ke nan? Ga ciwon baya na yau da kullum a jikin wanda ba shi da ciki, bincike ya nuna danna ƙashin baya yana kawo ɗan sauƙi, kwatankwacin abin da motsa jiki ko gashin ƙashi ke kawowa. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta amince da shi a 2016, da sharaɗin a haɗa shi da motsa jiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba mu da dalilin ɓoye shi. Amma ƙarar nan ta ƙas da ke burge mu, ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba. Kumfar iska ce ke samuwa a cikin ruwan da ke tsakanin gaɓa idan aka buɗa ta da sauri, irin dai ƙarar da yatsa ke yi idan muka lanƙwasa shi. Wanda ya matsa yatsunsa goma suka yi ƙara, ai bai ɗora karaya goma ba.

Ga masu ciki kuwa, binciken da aka yi kaɗan ne, kuma mafi yawansa a kan mata 'yan ƙalilan. Da masana na Cochrane suka tattara abin da ake da shi a 2015 kan ciwon baya da ƙugu lokacin ciki, motsa jiki ne ya fi samun goyon baya, shi ma ba hujja ce mai ƙarfin gaske ba. Shawarwarin awon ciki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 su ma motsa jiki a kai a kai suka sa a gaba, sannan suka ambaci gashin ƙashi da ɗamarar da ke tallafe ciki cikin abubuwan da mace za ta iya zaɓa. Saboda haka idan kairofirakta mai cikakken horo ya ce zai iya rage wa mai ciki ciwon ƙugu na 'yan kwanaki, maganarsa tana cikin abin da hankali zai ɗauka. Inda muka rabu da su shi ne inda tallar ta tsallake baya ta shiga mahaifa.

Akwai abin da suke kira dabarar Webster, da sunan Larry Webster, wanda ya kafa ƙungiyar masu yi wa yara wannan aiki a 1986. Ana danna ƙashin da ke ƙasan gadon baya, sannan a ɗan matsa wata jijiya a gefen mara. Shekara da shekaru ana tallata ta a matsayin hanyar juyar da jaririn da ya zauna da ɗuwawu ko ƙafa. Adadin da aka fi yawo da shi, wai ana dacewa kashi 82 cikin 100, ya fito ne daga wani rahoto na 2002 da aka aika wa mambobin ƙungiyar takardar tambayoyi. 'Yan kaɗan ne suka amsa, su ne suka ba da labarin nasarar kansu, kuma ba a kwatanta da matan da ba a taɓa su ba. Wannan kamar a tambayi mai tallar fura ne ko furarsa ta yi daɗi.

Ga lissafin da bidiyo ba ya nunawa. A wajen mako na 28, kusan jariri ɗaya cikin huɗu ko biyar bai juyo da kai ƙasa ba. Zuwa cikar wata tara, 3 ko 4 ne kacal cikin 100 suke nan a haka. Ma'ana mafi yawansu da kansu suke juyawa, ba wanda ya taɓa su. Saboda haka duk wanda ya ɗora hannu a kan mai ciki a wata na bakwai ko farkon na takwas, ko tausa ya yi mata, ko jiƙo ya ba ta, ko ƙugu ya danna, in jariri ya juya shi za a gode wa. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Matar da ta ba da shaida ba ƙarya ta yi ba, ɗanta ya juya da gaske. Abin da ba ta da hanyar sani shi ne, da ta zauna a gida ma da ya juya. Waɗanda nasu bai juya ba kuwa, ba a ɗaukar su bidiyo.

Hukumar da ke kula da masu wannan sana'a a Ostireliya ta gane haka. A 2016 ta gargaɗi mambobinta cewa ba a horar da su yi wa ɗan da ke ciki magani ba, kuma kada su gabatar da aikinsu a matsayin hanyar gyara kwanciyar jariri. Ita ma ƙungiyar da Webster ya kafa ta koma tana cewa dabarar ta daidaita ƙugun uwa ce, ba ta juya jariri ba ce. Masu abu sun ja da baya, amma tallar tana nan tana yawo a wayoyinmu yadda take.

Juya jariri ta waje aiki ne da likitocin mata suka sani kuma suke yi. Ana yin sa a wajen mako na 36 zuwa 37, bayan an yi hoton ciki an ga inda mabiyiya take da yawan ruwa, ana sauraron bugun zuciyar jariri kafin a fara da bayan an gama, ɗakin tiyata kuma yana kusa ko da wani abu zai taso. Da duk wannan shiri, kusan rabi ne ake dacewa. In mabiyiya ta tare hanya ko ana zubar jini, ba a ma gwadawa. Macen da ta shafe makonnin nan tana zuwa a danna mata ƙugu, tana jiran alƙawarin da aka yi mata, za ta iya wuce lokacin da za a gwada wannan, ta kuma rasa damar shirya inda za ta haihu. Jaririn da ya taho da ƙafa cikin dare a gida, kowace ungozoma ta san abin da hakan ke nufi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai batun haɗari. Rahotannin mummunar illa ga masu ciki bayan wannan aiki ba su da yawa, gaskiya ne. Amma waɗanda suka fi muni a cikinsu sun biyo bayan murɗa wuya ne. A 2014 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce akwai alaƙa tsakanin murɗa wuya da tsagewar jijiyar jinin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, wadda kan jawo shanyewar ɓarin jiki, ta kuma nemi a riƙa sanar da mutane kafin a yi musu. Jinin mai ciki ya fi saurin daskarewa, jijiyoyinta kuma a sake suke. Wadda ƙugu ke wa ciwo, me ya kai hannu wuyanta? Haka nan wasunsu sun saba ɗaukar hoton ƙashi kafin su fara aiki, alhali mai ciki ba a haska ta da irin wannan hoto sai da larura.

Amma haɗarin da ya fi damunmu ba ya cikin dannawar. Yana cikin jinkirin da take jawowa. Jiki magayi ne, kuma ciwon baya a jikin mai ciki wani lokaci ɗan aike ne. Ciwon da ke zuwa yana tafiya, ciki yana ɗaurewa yana saki kafin mako na 37, yana iya zama naƙuda ce ta zo ba lokacinta ba. Ciwo a gefen baya tare da zazzaɓi da zafin fitsari yana iya zama cuta ce ta hau ƙoda. Ciwo mai tsanani na farat ɗaya, ciki ya yi tauri kamar dutse, da jini ko ba jini, yana iya zama mabiyiya ce ta fara rabuwa da mahaifa. Ciwon kai mai naci da gani dishi-dishi da kumburin fuska da hannu da zafi a ƙarƙashin haƙarƙari, alamun hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga ne. Ga mai sikila, ciwon ƙashi yana iya zama tashin ciwonta. In ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari yana zuba ba a sani ba, jijiyoyin laka ne aka danne. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya jin tausa. Abin da ke gano su shi ne awon jini da gwajin fitsari da hoton ciki da kunnen wadda ta san aikin haihuwa. Hannu mai taushi zai iya kwantar da ciwon na yini ɗaya, kuma yinin nan ɗaya ne wani lokaci ke raba rai da mutuwa.

A nan ne maganar ta shafe mu fiye da waɗanda suka ɗauki bidiyon. Ba'amurkiyar da ke kwance a kan gadon nan, galibi ta riga ta ga likitarta, an auna jininta, an yi mata hoto. Danna ƙugun ƙari ne a kan abin da take da shi. Mu kuwa, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya a 2020 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Zubar jini da jijjiga da naƙuda mai tsawo suna kan gaba wurin kashe su, kuma a kusan kowane labari akwai jinkiri a wani wuri. Hukumar ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko cikin makonni 12 na farko. Mu duba unguwanninmu mu ƙirga mata nawa ne suke cika hakan. Abin da yake ƙari a can, in ya iso inda awo bai kafu ba, zai iya zama madadi.

Kuma mun san halin kasuwarmu. Da zarar abu ya yi farin jini a waya, masu kwaikwayo ba sa jira. Wanda ya kalli bidiyo ɗari zai sayi gado, ya sa farar riga, ya kira kansa dakta. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu a yi magani da hannu: muna da masu ɗori da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, muna da ungozomomin da ke yi wa masu ciki tausa. Amma mai ɗori na gari ya san iyakarsa, kuma unguwa ta san gidansu. Baƙon da ya zo da sunan Turanci da kyamara, wa ya san inda ya koya? A Najeriya akwai hukumar MRTB, wadda aka kafa a 1988, ita ke rajistar masu gashin ƙashi da dangoginsu, har da masu wannan aiki. Tambayar mutum takardarsa ba rashin kunya ba ce. Wanda ya yi karatu da gaske, daɗi zai ji an tambaye shi.

Wata za ta ce, "Ni dai an yi mini, na kuma ji daɗin jikina, ku me ya dame ku?" Ba mu ƙaryata ki ba, 'yar uwa. Sauƙin da kika ji na gaske ne, ko daga dannawar ya zo, ko daga kwanciyar da kika samu, ko daga samun wanda ya ɗauki kukanki da muhimmanci. Wata kuma za ta ce asibitin da muke tura ta ai shi ya kore ta da halin ko-in-kula. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ya sa rabin maganarmu da ma'aikatan lafiya take. Sista, idan mai ciki ta ce bayanta na ciwo, minti biyu na tambaya ya isa a rarrabe ciwon nauyi da na haɗari. In na nauyi ne, a faɗa mata abin da za ta yi, a nuna mata ƙofar sashen gashin ƙashi. Ana koyar da wannan fanni a Jami'ar Bayero da Jami'ar Maiduguri, manyan asibitocinmu suna da sashensa, amma mata da yawa suna zaton na masu karaya da shanyewar jiki ne kawai.

Abubuwan da ke rage ciwon nauyi kuwa mafi yawansu kyauta ne. Tafiya a ƙafa kullum daidai ƙarfi. Kwanciya a kan gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, a daina rigingine idan ciki ya tsufa. In za a ɗauki abu a ƙasa a tsuguna da gwiwa, kada a duƙa da baya. Tsintsiya mai dogon hannu maimakon gajera. Takalmi marar tsini. Zama a kujera mai jingina lokacin wanki da girki. Tsumma mai ɗumi a ƙasan baya. A guji haɗin ƙwayoyin ciwon jiki na kemis, a sha abin da aka rubuta a wurin awo kaɗai. Maza kuma da namu kason. Maigidan da zai iya biyan kuɗin danna ƙugu sau goma, ya fara da ɗauke mata jarka, ya karɓi yaron da ke bayanta, ya raka ta awo ya ji da kunnensa abin da aka ce. Sauƙin da take nema a wurin baƙo, da yawansa yana cikin gida.

Wadda duk da haka ta ga tana son ta gwada, kuma ta samu mai horo na gaskiya, ba mu ce haramun ne ba. Ta fara da wurin awo, a tabbatar ciwon na nauyi ne, ta faɗa musu abin da take shirin yi. Ta ga takardar rajistarsa da idonta. Kada ta yarda a murɗa mata wuya, ko a danna mata ciki, ko a ɗauke ta hoton ƙashi. In bayan zuwa biyu ko uku ba ta ga canji ba, ta tsaya, kada a ɗaure ta da biyan kuɗin wata da watanni. In kuwa ya ce zai juya mata jariri, ko zai rage mata awannin naƙuda, ko ya fara kushe asibiti da allurar rigakafi, to ta ɗauki mayafinta ta fita. Ya faɗa mata ko shi wane ne.

Mu ma masu tura bidiyo muna da alhaki. Kafin mu aika wa ƙanwa ko matar wa mu ce "ki gwada wannan", mu fara tambayar ta yaushe rabonta da awo, nawa jininta ya nuna, me hoton ciki ya ce. In ta amsa waɗannan, sai a yi zancen tausa.

Allah ya raba masu ciki lafiya, ya ba mu ikon jin kukansu tun kafin wani ya riga mu. Sai mun ji ra'ayoyinku, musamman iyayenmu mata da ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu.